Surin da Ke Iyakar Gonar Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. A farkon daminar bana Kawu ya amsa nasa kiran, bayan gajeriyar jinya a gidansa da ke Likoro.

Ina kasuwar Makarfi labarin ya same ni. Ƙafata ɗaya na kan buhun masara, muna ta ja da wani mai saye, sai ga wayar innata, wadda take ƙanwa a gare shi. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Taho, bangona ya faɗi." Na sallama wa mutumin masarar yadda ya taya, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara riƙe mudu, na tayar da mota.

Na tarar da ƙofar gida ta cika. Ga malaman zaure a kan tabarmi suna jan carbi. Ga mutanen Zariya da suka zo cikin motoci, wasunsu har da furfura, suna cewa shi ya koya musu aiki. Ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannuna ya ce, "Yau an rufe idon da ke bambance macen ƙyashi da namijinsa tun kafin a ɗauko madubin ƙara girma." Wani manomi da ke gefe ya dube shi, ya dube ni, na ga alamar bai taɓa jin an yabi mamaci da irin wannan ba. Daga cikin gida kuwa ana jiyo matarsa tana maimaita magana ɗaya ga duk wadda ta shigo gaisuwa: "Ko ranar da zai cika sai da ya tambaye ni ko an yi ruwa a gona."

Akwai kuma masu raɗa. Ni ɗan kasuwa ne, kunnena ya saba tsintar magana a cikin hayaniya. Na ji wani yana ce wa na kusa da shi, "To yanzu wa zai gaji mutanen surin?" Ɗayan ya ce, "Rufa mana asiri, ko kwana bai yi a ƙasa ba."

Sai kuma maƙwabcinsa na gona, wani dattijo da ya ɗan girme shi. Ya zo sallar jana'iza, ya tsaya a sahun ƙarshe, ya raka gawa har makabarta. Amma bai miƙa wa kowa hannu ya yi masa ta'aziyya ba. Ranar addu'ar uku, bayan an shafa, ya matso gaban yayan marigayin, wanda muke kira Kawu Babba, ya durƙusa ya ce, "Malam, mai abu ya tafi. Ina roƙon arziki a tone surin nan, a kwance mini ɗana."

Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutu, ni da ba shi ne sana'ata ba. Ba na so yaran da ke tasowa su san Kawu da sunan mai aljanu. Ina so su san shi yadda na san shi.

Gidansu gidan malamai ne. Kakanmu ya karantar, Kawu Babba ya gaje shi a zaure. Kawu ma sai da ya sauke Alƙur'ani kafin ya yi nisa a boko, kuma har ya bar duniya bai daina tilawa bayan asuba ba. Sai dai nasa karatun ta wata hanya ya ɓulle. Ya yi shekaru masu yawa yana aiki a wani ɗakin bincike a Zariya, kuma abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai shi ne ƙyashi, ɗan ƙwaron nan da bai kai rabin sauro ba, wanda ba ka jin zuwansa sai dai ka ji kamar tartsatsin wuta ya faɗo maka a ƙafa. Yakan ce, "Sauro maroƙi ne, sai ya yi maka kirari kafin ya karɓa. Ƙyashi kuwa ba ya sallama."

Abin da ƙwaron ke ɗauke da shi a cikinsa ya fi damun Kawu a kan cizon. Akwai wasu ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ake kira bairas, da ke zaune a jikin ƙyashi. Uwa takan ba ƙwanta, ƙwan ya ƙyanƙyashe da su. In macen ta ciji mutum sai zazzaɓi mai zafi ya rufe shi, da ciwon kai ta bayan ido, da ciwon gaɓoɓi, kwana uku ya sake shi. A wajenmu kuwa kowane zazzaɓi maleriya ne, in ya ƙi jin magani a ce taifot.

Da ya yi ritaya ya dawo Likoro mun ɗauka hutu ya zo yi. Ashe kusa da aikinsa ya matso. A iyakar gonarsa akwai wani tsohon suri da ya fi mutum tsayi, jikinsa duk ramuka. Ya ce a cikin ramukan nan ƙyashi ke wuni, saboda sanyi da laima. Kafin magariba sai ya yanka farar takarda, ya shafe ta da man zurma, ya naɗe, ya zura a bakin kowane rami. Da safe in ya idar da tilawa ya koma ya zaro. Duk ƙwaron da ya gifta ya manne. Sai ya zauna a gindin surin, gilashin ƙara girma a hannun hagu, gashin kaza a hannun dama, yana tsince su yana zubawa a 'yan kwalabe, kwalaben kuma a cikin kula mai ƙanƙara.

Ta nan na shigo cikin lamarin, domin ni ke da motar da ke kai kaya Zariya. Kular Kawu a gidan gaba take zama, kusa da ni. Duk wanda ya nemi in rage masa hanya sai dai ya hau baya kan buhuna. Na taɓa ɗora wani mai unguwa a bayan mota saboda kular nan, bai huce ba sai da na aika masa da mazarƙwaila. Kawu yakan leƙo ta taga ya ce, "Dillali, ban da tsayawa shan fura a hanya. In ƙanƙarar nan ta narke, ruwa ka kai musu." Dillali yake kirana tun ina sayar da rake a bakin titi. Ranar da na sayi mota ta biyu na je na gaya masa, ina jiran ya ce Alhaji. Ya ce, "Madalla, Dillali. Wannan tana da wurin ajiye kula?"

Sau ɗaya muka taɓa yin faɗa. Ranar ya shiga motar da kansa zai bi ni Zariya, bayan ya tsayar da ni har rana ta ɗaga yana tsintar ƙwari, alhali masu saye na jirana. Raina a ɓace na ce, "Kawu, don Allah wannan wahalar me take haifarwa? Kai da bakinka ka ce zazzaɓin ba shi da magani, da kansa yake tafiya. To mene ne na neman sanin sunan kakansa?"

Muka ci gaba har muka hau kwalta. Sannan ya ce in tsaya. Ya fita, ya zagaya baya, ya dawo da dawa a tafin kowane hannu.

Ya ce, "Wace ce wannan?"

Na ce, "Kaura."

"Wannan fa?"

"Farafara."

"Ai duk dawa ce. Me ya hana ka zuba su buhu ɗaya ka huta?"

Na ce, "Haba Kawu, so kake in karye? Mai neman wannan daban, mai neman waccan daban. Ko ƙasar da suke so a gona ba ɗaya ba ce."

Ya ce, "To kai in ka haɗa, tuwon wata mata ne kawai zai ɓaci. Waɗannan da nake bi dangi ne babba. Akwai mai zazzaɓin kwana uku ya wuce. Akwai ɗan'uwansa a hayin teku da ke hawa har ƙwaƙwalwa. Akwai wani ɗan gidansu da ya zaɓi sauro ya zama dokinsa, yana sa tumaki ɓari, yana kashe mutane. In ban san ɗan wane gida ne ke kwana a surina ba, ta yaya zan san baƙon kwana uku ne ko mai ɗaukar rai?"

Ya buɗe tafin hannuna ya zuba mini dawar biyu a haɗe. Ya ce, "Ware su kafin mu isa." Har muka shiga Zariya dawar tana aljihuna.

Daga ranar na fara sauraronsa da gaske, shi kuma ya samu wanda zai yi wa karatu a mota. Yadda Kawu Babba ke jero asalin gidajen malamai, wane ya yi karatu a wajen wane, wane ya haifi wane, haka Kawu ke jero asalin ƙwayoyin nan. Ya ce da can ta jini ake gane su. A ɗauki jinin wanda ya warke daga ɗaya, a haɗa shi da wata ƙwayar. In jinin ya gane ta, 'yan gida ɗaya ne. Yanzu kuwa akwai na'urar da ke karanta ƙwayoyin halittarsu daki-daki. Da aka fara karantawa sai gidaje suka hargitse. Waɗanda ake ɗauka uwa ɗaya uba ɗaya, ashe zaman unguwa ne kawai ya haɗa su. Waɗanda kaska ke ɗauka ma an yi shekaru ana lissafa su cikin gidan, daga baya aka ware musu nasu.

Abin da ya fi ba shi nishaɗi shi ne yadda suke musayar kaya. Ya ce halittar kowannensu yanki uku ce, babba da matsakaici da ƙarami. "Ka ɗauka riga ce da wando da hula. In biyu suka haɗu a cikin ƙwaro ɗaya, ɗan da zai fito yana iya sa rigar wannan da wandonsa, ya ɗora hular wancan. Kai da ka san hular sai ka gaishe shi da sunan wani."

Na ce, "To da me ake yanke hukunci?"

Ya ce, "Da riga, ita ce babba. Amma likita hular ma ta dame shi, don wani lokaci ita jiki ke fara gani." Ya ƙara da cewa, "Shi ya sa ba na canza suri. Mai son ganin yadda yaro ke girma ba ya canza yaro."

Wata rana ya gaya mini cewa yawanci da sunan garin da aka fara samun ƙwayar ake raɗa mata suna. Na taka burki. Na ce, "Kawu, in ka samo sabuwa, na roƙe ka da girman Allah kada ka sa mata Makarfi. Wa zai sayi mazarƙwailar garin da cuta ke amsa sunansa?"

Ya ce, "To Ikara fa?"

"Ina da masu kawo mini masara a can."

"Kudan?"

Na ce, "Can surukaina suke. Yadda ka gani."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Allah bai nufe shi da raɗa sunan ba. Akwai shekarar da aka ga wata alama a cikin kwalabensa, mai kama da sananniyar ƙwaya amma ba ita sak ba, ana bukatar ƙari kafin a tabbatar. Sai wuta ta daɗe ba ta zo ba, abin da ya tara na damina guda ya lalace a firij. Na ɗauka zai kwanta ciwo. Washegari da yamma na same shi yana yanka takarda. Ya ce, "Ƙyashi ya ƙare ne?"

Yanzu bari in zo kan maƙwabci. Surin nan a kan iyaka yake, rabin inuwarsa a gonar Kawu, rabi a tasa. Ya daɗe yana so a baje shi, yana cewa gara na cin masa kara. Kawu ya ƙi, suka yi musayar magana. Ba a jima ba babban ɗan maƙwabcin, wanda shi ne ƙarfin gonar, ya sa kai ya bar gari. Ya bar mata da ɗa, ba sallama, ba waya, ba aike. An ce an gan shi a kudu, an ce ba shi ba ne.

Kowa a ƙasar nan ya san abin da ake faɗa a kan suri. A nan ake cewa ana binne kurciya, asirin da ke sa mutum ya bi duniya ya manta hanyar gida. Ga mutum ɗan gidan malamai, yana zura takarda a suri da magariba. Wani abu kuma ya ƙara wa wutar mai. Maƙwabcin ya taɓa laɓewa ya ga takardar fara fes lokacin da Kawu ya sa ta. Da asuba ya riga shi zuwa, ya zaro ɗaya da tsinke, ya gan ta cike da ɗige-ɗige baƙaƙe, ƙanana, a jere a karkace, ba irin rubutun hannun ɗan Adam ba. Ya yar ya gudu. Tun daga nan magana ta zauna: Kawu yana aika wa mutanen suri tambaya da yamma, su rubuto masa amsa da safe.

Ko alherinsa juya masa aka yi. Jikan maƙwabcin, ɗan wanda ya tafi, ya kwanta zazzaɓi. An gwada maleriya ba a gani ba. Uwar yaron ta zo ta bayan gida wurin matar Kawu tana kuka. Kawu ya je har ɗakin duk da ya san ba a maraba da shi. Ya duba yaron, ya duba bangon da ya tsattsage, ya ce a ba shi ruwa da yawa da maganin sauke zafi, a liƙe tsagun bangon da ƙasa, a daina kwantar da shi a ƙasa kusa da turken awaki. Ya ce, "Ina kyautata zaton kwana uku zai sake shi. Amma in wuyansa ya ƙage, ko ya fara sambatu, kada ku jira kowa, ga motar Dillali, asibiti." Kwana uku yaro ya tashi yana neman ƙosai. Da labari ya kai wa kakansa sai ya ce, "Kun gani? Ya ce uku, uku ɗin ne. Wa ya gaya masa?"

Abin ya ci mini rai. Mutane suka rage zuwa ɗaurin aure a gidan. Mata na janye yara in ya gifta da kularsa. Na ce masa, "Kawu, ka tara mutanen nan a gaban mai gari, ka nuna musu ƙwarin nan, a wuce wurin. Ko ka bar ni in je in same shi, ni na san yaren da zai ji."

Ya ce, "Ba za ka je ba."

"Sunanka fa ake ɓatawa."

Ya ce, "Dillali, kaya ne ya yi wa mutumin nan nauyi, ya aza mini rabi. Wuyana zai iya. Bar shi."

Na ɗauka taurin kai ne irin na masu ilimi. Duk sallah kuwa sai ya aika wa gidan da nama, a dawo da shi, wata shekarar ya sake aikawa. In sun haɗu a hanyar gona shi ke fara sallama, ya amsa wa kansa a hankali, ya wuce.

To ga shi ya tafi, ga maƙwabci durƙushe a gaban Kawu Babba yana roƙo a tone suri. Da mutane suka watse muka shiga zaure mu uku: Kawu Babba, da ni, da babbar 'yar marigayin. Taubashiyata ce, ita ta bi sawun mahaifinta, tana aiki a ɗakin bincike a Zariya.

Kawu Babba ya ce, "A rushe. Tarin ƙasa ne. Gobe a kawo diga a baje shi a gaban kowa, su ga ba komai. Mutuncin ƙanena ya fi gidan gara."

Ta ce, "Baffa, in aka rushe shi aikin Baba ya yanke. Shekara da shekaru daga rami ɗaya yake ɗiba. Abin da ya gani a waccan shekarar, in zai sake fitowa, a nan zai fito. Ni zan ci gaba."

Ya ce, "Ki ci gaba a ce 'ya ta gaji uba? Kina da 'ya'yan da za a nema aure wata rana."

Hawaye suka zubo mata. Kowannensu yana da gaskiya. Ni kuma na san ko an baje surin ba a ga komai ba, za a ce mutanen sun kwashe kayansu tun daren jiya.

Na ce, "Kawu Babba, a ba ni izini in yi magana irin ta kasuwa. In mai saye ya yi shakkar abin da ke cikin buhu, ba ma farke buhun. Akwai ɗan ƙarfe mai rami da ake soka masa, hatsi ya biyo. Kuma ba mu muke sokawa ba. Shi muke miƙa wa, ya soka inda ya ga dama da hannunsa."

Ta share ido ta dube ni. Ta ce, "Ikon Allah. Yau bawana ya yi magana mai kan gado."

Na ce, "Uwar ɗakina, dama can ina yi, kunnenki ne ke Zariya."

Kawu Babba ya yi murmushi, karo na farko tun rasuwar. Ya ce a kira maƙwabcin.

Da ƙyar ya yarda, kuma da sharaɗi. Shi zai sayo takardar a shago da kansa. Ba zai taɓa man zurmar gidan ba, man gyaɗan matarsa zai kawo. Taubashiyata ta ce ya yi. Bayan la'asar muka taru a gona, mutane tsaye daga nesa. Maƙwabcin ya ɗaga takardar sama kowa ya ga fara ce. Ya shafa mai, ya karanta abin da ya sawwaƙa, ya zura a ramuka uku da ya zaɓa. Sannan ya share ƙasar wurin tas don sawu ya nuna, ya kewaye surin da ƙaya.

Da safe jama'ar ta ninka ta jiya. Ba sawun kowa sai na tsuntsu. Ya janye ƙayar, ya yi bisimilla, ya zaro ta farko. Ga ɗige-ɗigen nan baƙaƙe. Ya ɗaga murya ya ce, "Ga shi! Mai su ya mutu ma ba su daina rubutu ba!" Na baya suka fara ja da baya.

Taubashiyata ta matsa ta durƙusa a gabansa, ta miƙa masa gilashin mahaifinta da hannu biyu. Ta ce, "Baba, ka karanta mana."

Ya karɓa. Ta gyara masa nisan gilashin da takardar. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Yana da ƙafafu."

Ta ce, "Shida, Baba."

"Da gashi a jikinsa. Kai, wannan ma motsi yake." Ya matsa kan wani ɗigon, ya matsa kan wani. "Fukafukansa a ɗage."

Ta ce, "Baba yakan ce kamar mai roƙon Allah."

Ya zaro takarda ta biyu ya duba, ya zaro ta uku. Ina jiran in ga kunya a fuskarsa, ko ya kawo wata hujjar, don na saba da mai saye da ba ya son a ce ya faɗi. Ban ga ko ɗaya ba. Ya zauna a gindin surin, daidai inda Kawu ke zama, takardar a cinyarsa. Ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, "Ashe da ƙafarsa ya tafi."



Ya ce, "A kan kuɗin rake muka yi. A gaban abokansa na ce masa in ya fita kada ya dawo. Ban ɗauka zai ji ba. Bai taɓa jin maganata ba sai ranar."

Kawu Babba ya juya ya ɗaga wa jama'a hannu, suka watse ba hayaniya. A nan tsaye na gane kayan da Kawu ya ce an aza masa rabi. Muddin akwai laya a cikin suri, ɗan bai guji ubansa ba, asiri ne ya kore shi, kuma ranar da aka tone zai dawo. Kawu ya san haka tun farko. Ya ga sunansa zai iya jure abin da zuciyar tsohon nan ba za ta jure ba, ya bar masa. Na yi ciniki da yawa a rayuwata, kuma nakan san riba ko faɗuwa tun kafin a ɗaure buhu. Na ranar nan har yau ban gama sani ba. Na wanke sunan Kawu, na kuma karɓe wa dattijo sandar da yake dogarawa.

Ya daɗe a zaune. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya je gaban Kawu Babba ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce, "Malam, ya haƙuri? Ashe an yi rashi. Allah Ya jiƙansa. Allah Ya sa ya yafe mini."

Kawu Babba ya ce, "Wanda ke aiko maka nama duk shekara ai ya riga ka."

Dattijon ya juya wurin taubashiyata ya mayar mata da gilashin. Ya ce, "'Yata, ki zo ki sa takardunki. Garma ba za ta kusanci wurin nan ba ina raye." Sannan ya dube ni. "Kai kuma, motocin kudu a wurinka suke lodi. Ka gaya wa direbobi, duk wanda ya gan shi ya ce masa ubansa ya janye maganarsa."

Har yau ba mu ji komai ba. Amma ba motar da ke tashi daga wurina ban ba direbanta saƙon ba. Surin yana nan, an bar masa fili ta ɓangarorin biyu. Kular ma ta koma gidan gaba, sai dai yanzu taubashiyata ce ke leƙowa ta taga tana hana ni shan fura. Wani lokaci in na iso da safe nakan tarar da dattijon ya riga ta zuwa, yana riƙe mata kwalabe.

Ya Allah, bawanKa ya ƙare kwanakinsa yana duban mafi ƙanƙantar abin da Ka halitta, bai raina shi ba, ya kuma ɗauki nauyin maƙwabcinsa bai faɗa wa kowa ba. Ka sauke masa nasa nauyin. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sanyaya shi, Ka haɗa shi da iyayensa a gidan rahama. Ka ba innata da iyalinsa haƙuri. Wanda ke can kudu kuma, Ka juyo da fuskarsa gida tun ubansa yana gani. Mu da muka saura, in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.